Kibod ɗina yana juyewa ina tsakiyar rubutu, ina mafita?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masana kwamfuta na wannan zaure ku agaza min. Laftof ɗina Windows 11 ce a kansa, aikina kuma buga takardu ne, Hausa da Turanci da Larabci duk ina haɗawa. Ina cikin rubutu sai kawai in ɗago kai in ga layi guda ya tafi da haruffan Larabci, alhali ban canza komai ba. Wani lokacin harshen yana nan a Turanci, amma in na danna Shift da 2 ina neman alamar @, sai alamar zance ta fito. Abin da ya fi ɗaga min hankali shi ne yadda yake ƙin karɓar kalmar sirrina in na kunna shi, ga shi na tabbata daidai nake bugawa. Wani ya ce min bairos ce, a goge komai a sake zuba Windows. Tsoro nake ji saboda takardun mutane da ke ciki.

Mai gyaran kwamfuta:
Wa alaikumus salam. 'Yar uwa, kwantar da hankalinki, kada ki bari kowa ya goge miki komai. Wannan ba bairos ba ce, yatsunki ne ke taɓa gajerun hanyoyin da Windows ta zo da su.

Hanyoyi uku ne a buɗe tun daga masana'anta. Madannin Windows haɗe da Space, dogon nan na ƙasa, yana fito miki da ɗan akwati a gefen dama, ki ga jerin kibod ɗinki da idonki ki zaɓa. Wannan ya shigo ne da Windows 8 a 2012. Sauran biyun tsofaffi ne, su ne kuma masu ɓarnar, don shiru suke aikinsu ba sa nuna miki komai. Alt na hagu da Shift yana canza harshe, shi ke kai ki Larabci. Ctrl da Shift kuma yana canza tsarin madannai a cikin harshe ɗaya.

To ki duba sau nawa hannunki ke kan Ctrl da Shift a yini. Za ki zaɓi kalma da kibiya, ko za ki liƙa rubutu da V, sai ki fasa ki ɗage yatsu ba ki danna na ukun ba. Shi ke nan, Windows ta ɗauka kin ce a canza. Batun @ ɗin nan kuwa alama ce kina da Turanci kala biyu. A tsarin Amurka Shift da 2 yana ba da @, Shift da 3 yana ba da #. A na Ingila Shift da 2 alamar zance ce, Shift da 3 kuma £, ita @ ta koma kusa da Enter.

Maganinsa: shiga Settings, Time & language, Typing, Advanced keyboard settings, Input language hot keys. Ki danna Change Key Sequence, ki mayar da ɓangarorin biyu kan Not Assigned. Windows da Space zai ci gaba da aiki, wannan gyaran bai shafe shi ba. Daga nan ki je Language & region ki cire Turancin da bai yi daidai da abin da aka zana a kan madannanki ba.

Malamar Larabci:
Malam ya yi bayani, Allah ya saka. In ƙara abu ɗaya da ke rikita masu haɗa Larabci. A cikin Word, Ctrl da Shift na dama yana juya sakin layi ya koma daga dama zuwa hagu, Ctrl da Shift na hagu ya dawo da shi. Wannan daban yake da canjin kibod. Don haka ƙanwata, ko bayan kin yi gyaran, in kika ga rubutunki ya tsallaka gefen dama, kada ki ce gyaran bai ci ba.

Tsohon hannu:
Ni dai ban goyi bayan a kashe Alt da Shift ba. Wanda ke sauya harshe a kowane layi ya san daɗinsa, babban yatsa da ɗan ƙarami ne kawai, ido bai bar takarda ba. Ctrl da Shift ne fitinanne, shi kaɗai za a kashe.

Mai gyaran kwamfuta:
Yallaɓai, ga mai harshe biyu maganarka dutse ce, danna ɗaya ka tafi, danna ɗaya ka dawo. Ita uku gare ta. Alt da Shift zagaye yake yi a makance, sai ta leƙa kusa da agogo kafin ta san inda ta sauka. Sannan a kibod ɗin Hausa na Windows, Alt na dama ne ke fitar da ƙ da ɗ da ɓ, babban Ƙ kuma sai an haɗa da Shift. Hannu ya saba da Alt da Shift ke nan duk yini, ranar da ya zame zuwa Alt na hagu harshe ya tafi. Ga wata dabara da mutane ba su cika sani ba: Windows da Ctrl da Space yana mayar da kai kan kibod ɗin da ka baro yanzu, ba sai ka zagaya jerin duka ba.

Mai tambaya:
Na yi yadda kuka ce, Malam, kuma na tarar da Turancin Ingila a ciki, na cire. Saura kalmar sirrin. Kuma a wurin aiki akwai Mac da nake zama a kai wani lokacin, ita ma haka take?

Ɗalibin kwamfuta:
Anti, shafin shiga yana da nasa zaɓin kibod, ki duba kusurwar ƙasa ta dama kafin ki buga, za ki ga ENG ko alamar Larabci. Tunda ɗigo-ɗigo ne ke fitowa ba haruffa ba, ba za ki gane ya juye ba, musamman in akwai @ ko # a kalmar. Don ya zauna daram, ki buɗe Control Panel, Region, Administrative, Copy settings, ki sa alama a kan Welcome screen.

A Mac kuwa Control da Space ne ke komawa kibod na baya, Control da Option da Space ya je na gaba. Ki kula, Command da Space akwatin bincike na Spotlight yake buɗewa, kuma wanda ya saba da Windows nan yatsansa ke fara zuwa. Sababbin Mac suna da madanni mai hoton duniya a ƙasan hagu, ana iya saita shi ya yi wannan aikin shi kaɗai. Masu Ubuntu kuma, wato wani tsarin kwamfuta daban, nasu ya zo daidai da Windows: Super da Space, Super ɗin shi ne dai madannin mai tambarin Windows. A Chromebook, laftof mai tsarin Google, Ctrl da Space ne.

Malamar Larabci:
Kafin ki fita daga Advanced keyboard settings ɗin nan, akwai wani akwati mai cewa Let me use a different input method for each app window. In kin sa masa alama, Word zai riƙe Larabcinsa, imel ya riƙe Turancinsa. Ni ina jin daɗinsa sosai, amma ga wadda juyewar ba-zata ta gallaba, gara ki bar shi babu alama tukuna, kibod ɗaya ya bi ki ko'ina har hannunki ya saba.

Mai tambaya:
Na bar shi babu alama, Malama. Na kashe na sake kunnawa, kalmar sirri ta shiga a bugun farko, kuma na gama shafi biyu masu gaurayen Hausa da Larabci ba abin da ya juye. Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya, ya ƙara ilimi.