Giyar injin yankan ƙarfena tana cin haƙora

Assalamu alaikum, 'yan uwa makanikai. Ni mai walda ne, kuma injin yankan ƙarfena ya hana ni aiki.

A kansa akwai giya biyu masu siffar mazurari, ƙarama a bakin motar lantarkin da ke juya injin, babba a sandar faifan yanka, su ke karkata juyin da digiri 90. Ƙaramar ta cinye, na sayo sabuwa ita kaɗai na saka, na cika giris. Yanzu yana kuka sosai, kan yana zafi, kuma cikin mako 2 haƙoran sun fara lalacewa ta gefe ɗaya.

Haƙoran a murɗe suke, ba miƙaƙƙu ba. Shin dole ne a canza biyun tare? Ko boris (zoben da sandar ke juyawa a cikinsa) ne ya saki, tazarar haƙoran ta ɓaci? Yaya ake auna ta? Don Allah ku taimaka, aikin ƙofofin mutane na jirana.