Neman shawara: kama gida a bakin teku a Legas don hutun iyali

Maman Khalil, Gombe:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Maigida ya amince mu kai yara Legas a hutun Disamba su ga teku. Mu bakwai ne, manya uku da yara huɗu. Mun fi son ƙaramin gidan haya na 'yan kwanaki da za mu riƙa girki da kanmu. Wane yanki ya dace, kuma me za mu duba kafin mu biya?

Baban Yusra:
Wa alaikumus salam Hajiya. Lokacin ya yi, domin ruwan sama a Legas ya fi ƙarfi daga Afrilu zuwa Yuli. Sai dai kuɗin gidaje na tashi a Disamba, ku kama da wuri. Ko dai Lekki zuwa Eleko ta gabas, ko Badagry ta yamma, inda yara za su ga tsohon gidan benen da aka gina a 1845 da tsibirin Gberefu da aka riƙa fitar da bayi. Ku zaɓi ɓangare ɗaya ku zauna, cunkoson da ke tsakaninsu zai cinye muku yini.

Hajiya Maman Sadiq:
Ƙanwata, kada hoto ya ruɗe ki. A zagaya da ke gidan ta kiran bidiyo, a kunna famfo ki gani. Burtsatsen da ke kusa da teku yakan ba da ruwa mai gishiri ko mai ja, yana ɓata fararen kaya, shayi ma ba ya daɗi da shi. Ki ware kuɗin ruwan sha, aƙalla lita uku ga kowane mutum a rana. Ki tambayi awa nawa ake kunna janareta da wanda ke sayen mai, domin laimar can ba ta barin yaro barci in babu fanka. Kuɗin ajiyar da suke karɓa saboda ɓarna, a rubuta ranar mayar da shi, kuma ki ɗauki hoton duk abin da kika tarar a fashe. Kada a tura cikon kuɗi sai kun shiga. Tukwanensu ƙanana ne, ki tafi da babba ɗaya da muciya. Garin tuwo da kuka da daddawa a roba mai murfi, iskar teku na sa gari ya dunƙule. Gidan sauro kuma dole.

Malam Baban Hanif:
Hajiya, tekun shi ne abin tsoro. Ba kamar dam ɗin Dadin Kowa yake a kwance ba. Igiyar ruwa in ta koma, takan zare yashin da ke ƙarƙashin ƙafa ta ja mutum. Yara kada su wuce idon sawu, kuma kowane babba ya san yaran da ke hannunsa. Inda kuka ga wani layi ya lafa a tsakiyar kumfa, nan ruwa ke komawa ciki da ƙarfi, ku nisance shi. Abaya da hijabi in sun jiƙe nauyi suke yi. Ku je da safe a ranar aiki, kafin masu kiɗa su cika wurin.

Maman Khalil:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Za mu duba ɓangaren Eleko.