Hanyar matsirgar ruwa ta ratsa filin wani: mu tsallaka shinge ko mu haƙura?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka saba shiga daji da hawan dutse. Mu huɗu ne, ni da ƙanwata da abokaina biyu, muka sa ranar Asabar za mu je wata matsirgar ruwa can cikin karkara. Taswirar waya ta nuna kilomita 6 daga inda mota ke tsayawa, da hawa kamar mita 300. Makon jiya na je ni kaɗai duba hanya, sai na tarar turbar ta ƙare a jikin shingen waya mai ƙaya. Ga ƙyaure an ɗaure da sarƙa, ga allo rana ta cinye rubutunsa, amma dai ana gane "ba a shiga" ne. Daga nan har ƙugin ruwan ina ji. A gefe akwai inda aka danne wayar, ciyawa ta kwanta, alamar ana bi. Abokina ya ce ruwa na Allah ne, mu wuce kawai. Ni kuwa raina bai kwanta ba. Yaya za mu yi?

Amsa ta farko: Wa alaikumus salam. Ƙanena, ko ruwan ba na kowa ba ne, ƙasar da za ka taka kafin ka kai gare shi tana da mai ita. Kada layin taswira ya ruɗe ka. Da yawan hanyoyin nan sawun masu yawo ne da suka ɗora a manhaja, har da waɗanda suka bi ta ɓarauniyar hanya. Layin ya nuna an taɓa bi ne kawai, bai nuna an yarda a bi ba.

Na taɓa tsayawa a bakin irin wannan ƙyauren. Na koma da baya na nemi gidan mai filin, na iske dattijo yana gyaran famfo, na yi sallama na faɗi abin da ya kawo ni. Ashe ba ganin ruwan yake hanawa ba. Wasu ne suka bar ƙyaure a buɗe, shanunsa suka fita har bakin titi, ga fasassun kwalabe da ya yini yana tsincewa a makiyaya. Da kansa ya nuna mana wata siririyar hanya ta jikin shinge, wadda ta fi ta taswirar sauƙi nesa ba kusa ba. Matambayi ba ya ɓata. In kuma ya ce a'a, to a'a ɗin ce, ku nemi wani wurin.

Amsa ta biyu: Malam, ba ka faɗi ƙasar da kake ba, doka kuwa ta bambanta ƙwarai. A Sikotilan dokar 2003 ta ba jama'a damar ratsa yawancin filaye da ƙafa, muddin ba su yi ɓarna ba kuma ba su kutsa harabar gida ba. Suwidin da Norwe ma haka, ta Norwe tun 1957 take a rubuce. A Ingila dokar 2000 ta buɗe wasu filaye ne da aka zana a taswira, sauran sai ta hanyoyin da aka ware wa jama'a. A Amurka kuwa filin mutum nasa ne. A jihohi irin su Texas, fenti mai launin shunayya (purple) a jikin bishiya ko turke daidai yake da allon hana shiga. Kuma kada wani ya ce ku bi ta cikin ƙorama don ku kauce wa shingen, akwai wuraren da ƙasan ƙoramar ma na mai filin ne. Ka tambayi hukumar yankin ko akwai hanyar jama'a da ke kaiwa wurin.

Amsa ta uku: Kai jama'a, kuna tsananta abu! Wa zai gan su? Minti goma sun wuce.

Amsa ta farko, ya dawo: Masu cewa "wa zai gan mu" su suka jawo aka sa sarƙar nan, ɗan'uwa.

Amsa ta huɗu: Yaya, ni ba shingen ne ya fi damuna ba, ruwan ne, tunda har da ƙanwarka. Akwai tsohon lissafin masu hawan dutse tun 1892: awa ɗaya ga kowane kilomita 5, a ƙara awa ɗaya ga kowane mita 600 na hawa. Naku ya kama kusan awa ɗaya da minti 45 zuwa kawai, ban da hutu da ɗaukar hoto. Ku fita da sassafe, ku tafi da tocila ko da kuna ganin ba za ku kai dare ba.

Ku duba hasashen yanayi na can saman kwarin, ba na inda kuke kaɗai ba. Rana na iya ƙwallewa a kanku alhali an tafka ruwa a bisa. In kuka ga ruwan ya fara komawa ja, yana ɗauko ganye da itace, ko ƙuginsa ya ƙaru, ku hau tudu nan take, kada ku tsaya tattara kaya. Ruwa mai gudu da zurfinsa bai wuce santimita 15 ba yana iya kayar da babban mutum.

Sai batun leƙe daga sama. Dutsen bakin matsirga ko ya yi kamar busasshe, gansakuka ta lulluɓe shi, santsinsa kamar an zuba sabulu. Ni na taɓa zamewa a ƙasa ma, inda babu tsayi, na yi wata guda ina ɗingishi. Kada kowa ya yi tsalle cikin tafkin da ke gindin ruwan, ba ku san dutse ko kututturen da ke kwance a ciki ba. Ku sauke taswira a waya tun a gida don sabis na ɗaukewa a kwazazzabo, ku kuma gaya wa wani inda za ku da lokacin da ya kamata ku dawo.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Jiya da yamma na koma, na bi shingen har na ci karo da gida. Mai filin ba ya nan, matarsa ce ta fito, ta ce in dawo Alhamis in same shi. Ta ce yakan bar mutane su wuce in sun tambaya, amma ban da kare, ban da kunna wuta, kuma yanzu akwai saniya mai sabon maraƙi a ɓangaren gabas, kada a kusance ta. Abokina har yanzu yana mita wai na mayar da yawo aikin ofis. Hajiya mai amsa ta huɗu, ƙanwata ta ce in tambaye ki wane irin takalmi kike sawa a jiƙaƙƙen dutse?