Wace fitila da rada ce ke jin magana daga kan kwamfutar keke?

Baban Ummi: Assalamu alaikum 'yan uwa. Kwamfutar keke ta Garmin, Edge 530, ce a kan kekena. Ina so in sa fitilar gaba da ta baya waɗanda zan riƙa kunnawa daga kan kwamfutar, ba sai na tsaya ina lalubar ƙarƙashin sirdi ba. Ga kuma zancen radar nan da kuke ta yi. Da wanne zan fara? Bayan sallar asuba nake fita, hanyar Gwarzo.

Injiniya: Wa'alaikumussalam. Varia RTL515 ta Garmin. Fitilar baya ce da rada a haɗe, tana hango motar da ke zuwa ta bayanka daga mita 140. Saya ka huta.

Ɗan Zazzau: Injiniya, Bakano kake gaya wa Garmin? Sai ya zagaye kasuwa yana neman ragi har damina ta faɗi. Ya duba Magene L508, aikin kusan ɗaya ne, kuɗin kuma bai kai ba.

Baban Ummi: Bazazzagi dai ba ya rasa abin faɗa. Keken aron da ka hau ranar Asabar ka mayar wa mai shi?

Kawu Na Ɗorayi: Baban Ummi, tsaya ka ji ni kafin ka fitar da ko kwabo. Kada ka yarda da abin da aka rubuta da manyan baƙi a gaban kwali. Juya bayansa ka nemi alamar ANT+, wato tsarin da fitila ke haɗuwa da kwamfutar keke ba tare da igiyar waya ba. In babu, ajiye masa kayansa.

Bara wani mai shago ya sayar mini da fitilar baya, har da rantsuwa cewa za ta haɗu da kwamfutata. Na zo gida, kwamfuta ta yi ta nema ba ta ga komai ba. Ashe Bluetooth ce kawai da ita, sai ta manhajar waya ake juya ta. Na koma, ya ce ai na yage ledar kwali, ba ya karɓa. Haka na haƙura na ci gaba da amfani da ita.

Abin da ya sa har yau nake jin ciwon maganar shi ne wata asuba cikin hunturu. Hazo ya sauka, ko fitilar babur da ke gabanka da ƙyar kake gani. Ina tafe hankalina kwance, a zatona jar fitila na ci a bayana. Sai wata tifa ta shige ni, kusancin har iskarta ta kaɗa mini hannu, na gangara kan tsakuwa. Ɗan uwan da ke biye da ni ya iso yana salati, ya ce Kawu ai tun daga shataletale fitilarka a mace take. Batir ya ƙare, babu abin da ya sanar da ni. Wayar tana aljihun baya, wa zai ciro ta a kan tafiya?

Wannan ne amfanin haɗa fitila da kwamfuta, ya wuce ƙawa. Kana kallon gabanka kana ganin ko fitilar na ci, da abin da ya rage na caji, kuma in batir ya yi ƙasa za ta gaya maka. A Edge ɗinka akwai wajen da za ka zaɓa: fitila ta kama da zarar ka kunna kwamfutar, ko sai ka danna fara tafiya. Zaɓi na biyun. In ba haka ba, kana zaune a ƙofar masallaci kana jiran mutane, caji na tafiya a banza. RTL515 in tana ci tsaye awa 6 take yi, in a ƙiftawar rana take tana kai awa 16. Mu da wuta ke zuwa sa'ad da ta ga dama, wannan bambancin ba ƙarami ba ne.

Maman Hanif: Subhanallah. Allah ya ƙara tsarewa Kawu.

Kawu Na Ɗorayi: Amin 'yata.

Maman Hanif: Ni kwamfutar Wahoo Bolt gare ni, radar za ta yi da ita?

Injiniya: Za ta yi Hajiya. Motocin za su riƙa fitowa a gefen fuskar kwamfutar suna hawowa sama yayin da suke matso ki. Kwamfutocin Karoo da Bryton ma suna karanta ta.

Na Jamus: Wanda zai sa a aiko masa daga nan ya lura da lamba. RTL516 ake sayarwa a Jamus, ita ba ta ƙiftawa sam, don dokar hanya ta nan ta hana fitilar keke mai ƙiftawa. Ku ce 515 kuke so.

Tsohon Direba: Ni duk wannan bai dame ni ba. Ɗan madubi a ƙarshen hannun keke, ba caji, ba saiti, ba ya mutuwa. Yaran yanzu sai na'ura ta ce musu ga mota.

Injiniya: Baba, madubi sai ka kalle shi. Wannan kuwa ita ke kiranka, tun kafin kunnenka ya ji ƙarar inji. Gefen fuskar ya yi ruwan goro, mota na zuwa. Ya yi ja, da gudu take. Ya koma kore, bayanka ya share. Fitilar ma tana canza ƙiftawa don direban ya ankara.

Tsohon Direba: To in motar ta rage gudu tana bin ka a baya fa?

Injiniya: Nan kana da gaskiya. Bambancin gudu take aunawa, in motar ta daidaita da gudunka tana iya ɓacewa daga fuskar alhali tana nan. Shi ya sa ba a karkata zuwa tsakiyar titi sai an waiwaya, ko da ta nuna kore.

Tsohon Direba: Madalla. Madubina bai taɓa ɓatar da mota ba.

Ɗan Zazzau: Baba a cikin hazo me kake gani a madubin?

Auta: A cikin gari kam ni kashe ƙarar nake yi. Daga Ƙofar Kabuga zuwa sabuwar jami'a 'yan adaidaita da babura ba sa bari ta yi shiru ko na minti ɗaya. Sai an fita bayan gari take da daɗi.

Maman Hanif: Tunda an zo nan, don Allah masu fitila mai ƙarfi ku ji tausayin na bayanku in muna tafiya a jere. Ranar nan har gida idona na ganin ja.

Injiniya: Akwai saitin Peloton, don haka aka yi shi, yana rage hasken. Wanda ake nufi ya ji.

Ɗan Zazzau: Ba ni ba ne. Tawa tun watan jiya ta faɗi a hanya, robar da ke ɗaure ta ce ta tsinke.

Kawu Na Ɗorayi: Rana ce ke cin robar. Ku riƙa duba ta, ko ku ƙara ɗan igiya ku ɗaure a ƙarfen sirdi.

Na Jamus: Kun dai ji a 2025 an daina ba sababbin kaya shaidar ANT+ ko? Na hannunmu za su ci gaba da aiki yadda suke, amma mai sayen sabuwar kwamfuta nan gaba ya tambaya tukuna.

Baban Ummi: Na gode ƙwarai. Ta baya na gane. Ta gaba fa? Wani ya ce mini Bontrager Ion 200 RT.

Injiniya: Tana da ANT+, amma ƙarama ce, don a gan ka aka yi ta. Ganin rami da asuba sai babbarta, Ion Pro RT.

Auta: Wai ranar Asabar ƙarfe nawa ne? Kuma wa ya tafi da famfona?

Tsohon Direba: Shida da kwata. Famfo yana wajen Bazazzagi.

Ɗan Zazzau: Aro na yi Baba, zan kawo.