Murya tana nutsewa cikin kiɗa, ga biki ranar Juma'a

Ɗan Tudun Wada: Assalamu alaikum manya. Don Allah ku taimaka min, hankalina a tashe yake. Na daɗe ina koyon aiki wajen wani oga a Sabon Gari, ni ne shara, ni ne sayo man janareta, kafin ya yarda na taɓa kwamfuta. Da muka rabu, Inna ta sayar da tumakinta, yayana ya cika min, na kama ɗan shago a Tudun Wada. Duk gida ido a kaina yake. To yanzu an kawo min waƙar amarya, ranar Juma'a za a yi kamu a Gyallesu. A situdiyo komai ras. Da na tura wa ango ya kunna a waya, sai murya ta nutse, fiyano da kalangu ke tashi, ko sunan amarya ba a ji sosai. A mota kuma bes, wato sautin nan mai kauri, ya cika kunne. Na riga na karɓi rabin kuɗi. Yaya zan yi?

Oga na Samaru: Wa alaikumus salam. Ƙanena, ba ka faɗi da me kake sauraro ba. Amma ko ba ka faɗa ba, ɗakinka ne ke yi maka ƙarya. Ƙaramin shago mai bangon siminti yana tara bes a kusurwa, inda kake zaune kuma ya ɓace, sai ka yi ta ƙarawa. Bes ɗin nan shi ke dukan limita, wato abin da ke hana sauti wuce iyaka, ita kuma ta danne komai har da murya. Lasifikar waya ba ta fitar da bes, sai a bar mutum da murya a danne. Rage shi. Yanke abin da ke ƙasa da 80 Hz (ma'aunin kauri da sirantar sauti) a murya. Fiyano da murya suna rigima tsakanin 2 da 4 kHz, ka ɗan sassabe fiyanon a nan da EQ, abin rage ko ƙara wani sashe na sauti. Sannan ka mayar da waƙar mono, wato hagu da dama a haɗe wuri ɗaya, ka saurara ƙasa-ƙasa. In ka ji sunan amarya a haka, ko'ina za a ji shi.

Mai Amshi: Ni dai abin da ke ci min rai, ku cika wa mutum murya da ribab (amsa-kuwwa) da Auto-Tune (manhajar gyara murya) har ta kasa gane kanta. Ga shi a wuni ana amshi, a ce a dawo gobe a karɓi kuɗi. Tun kafin azumi nake bin wani situdiyo.

Ɗan Kwangila: Malam makirfo ne matsalarka, ka sayi mai kyau ka huta. Ni tawa damuwar wuta ce. Da na tayar da janareta sai gurnanin 50 Hz ya shiga duk abin da na ɗauka, man fetur kuma ya cinye ribar.

Ɗan Tudun Wada: Oga na gode, amma ɗakina ba shi da laifi, duk bangon na manne shi da kiret ɗin ƙwai. Hedifon nake sawa ma wani lokacin. Anti Mai Amshi, ribab ɗin ango ne ya ce a sa da yawa, haka ake yayi. Makirfo kuwa irin na ogana ne sak, kuma shi ba a taɓa dawo masa da aiki ba.

Oga na Samaru: Kiret ɗin ƙwai ba ya tare bes, ko kaɗan. Kuma ku daina rikita yaron nan da maganar makirfo, an riga an ɗauki murya. In manhajar FL Studio kake amfani da ita, duba masta, inda duk sautin ke haɗuwa, za ka iya tarar da Fruity Limiter zaune a kai tun farko. Kashe shi, ka bar sarari, ƙarfin sauti ya tsaya wajen -6 dB, sai ka gama haɗawa ka mayar.

Ɗan Kwangila: Oga ba kowa ke da ɗaki irin naka ba. Ya ɗaga murya kawai ya miƙa aiki, a wajen biki wa zai tsaya sauraron EQ?

Ɗan Tudun Wada: In na kashe limita waƙar ba ta da ƙarfi, kuma DJ zai haɗa ta da na wasu. Ango ya sake kirana yanzu. Ina ganin zan ƙara wa murya 3 dB in tura haka.

Oga na Samaru: Kada ka ƙara. Rage bes na ce.

Mai Amshi: Wai wa ya yi maka amshin ma, kuma ka biya ta?