Neman shawara: ni ɗan riƙo ne, kuma ina awo da bugaggen mudu

Salama a gare ku 'yan'uwa cikin Almasihu. Don Allah a sakaya sunana.

Shekarata 24. Ina ɗan shekara shida mahaifina ya rasu, kawuna ya ɗauko ni daga ƙauye ya riƙe ni a Wusasa. Bai taɓa barina da yunwa ba, amma da ya mutu aka raba gado ko cokali ban samu ba, kuma tun ina yaro in na yi laifi maganar ɗaya ce: "Za mu mayar da kai." Yanzu ina tsaron shagon hatsi a Sabon Gari. Mudu biyu gare mu, ɗaya na saye, ɗaya an bubbuga gindinsa na sayarwa, kuma maigida yana sa ni in gauraya tsohon wake da sabo. Ran Lahadi Fasto ya yi wa'azi cewa Allah ya mai da mu 'ya'yansa. Kowa na amin, ni kuwa gabana ya faɗi, don na san yadda riƙo yake. Shekara biyu ina wannan awon. An riga an mayar da ni ke nan? In na bar aikin kuma, ƙanwata da ke makaranta fa?

Baba Dattijo: Ɗana, riƙon da ka sani daban, wanda Bulus yake nufi daban. Ga Romawa ya rubuta, kuma a dokarsu wanda aka mayar ɗa yakan ɗauki sunan gidan, ya ci gado kamar ɗan cikinsa. Sarkinsu Agustas ma ta haka ya gaji Yuliyas Kaisar. Buɗe Galatiyawa 4:7, za ka ga an ce kai ba bawa ba ne, ɗa ne, magaji kuma. Romawa 8:15 ta ce ba ruhun bauta aka ba mu da za mu koma zaman tsoro ba, wanda muka karɓa shi ne yake sa mu kira "Abba, Uba". Wannan faɗuwar gaban da ka ji, ni ban ɗauke ta kora ba. Ibraniyawa 12 ta ce wanda Uba yake ƙauna shi yake horo. Ɗan maƙwabta ba a ɓata baki a kansa.

Maman Rahila: Baba ya gama magana, amma ni uwa ce, bari in taɓo ɗaya ɓangaren. Mu ne masu sayen waken nan. Gwauruwa ta tara kuɗin wankau ta zo, ka auna mata da bugaggen mudu, ta je gida ta tarar da ƙwari. Karin Magana 11:1 ba ta ɓoye ba, ma'aunin algus abin ƙyama ne ga Ubangiji. Kada ka fake da alheri ka ci gaba. Maganar ƙanwarka kuwa, ka kawo wa zumuntar mata, mun sha haɗa kuɗin makaranta wa waɗanda ma ba su kai ka buƙata ba.

Ɗanjuma Samaru: Mama, a yi masa a hankali. Mai ƙoshi ne yake cewa a bar aiki yau yau. Ɗan'uwa, fara samun maigidan, daga kai sai shi, ba a gaban masu ciniki ba, ka ce za ka yi kowane aiki amma hannunka ya daina taɓa wancan mudun. Wani in ya ga yaronsa ba ya cuta, shi yake ba makullin sito. In ya ƙi, ka riga ka fara cigiyar wani wuri.

Maman Rahila: Ban ce yau ba, Ɗanjuma. Amma "a hankali" ɗin nan ita ta kai shi shekara biyu.

Malama Saratu: Ni ma agola ce, na san ciwon. Na daɗe ina addu'a kamar mai roƙon arziki a ƙofar gidan wani. Abin da ya taimake ni Luka 15 ne: yaron ya shirya zai ce a mai da shi ɗan ƙwadago, uban bai ma bari ya kai nan ba, ya ce a kawo riga da zobe. Kuma tunda a Wusasa ka tashi, ka san majami'ar Bartalamawas ta ƙasa da aka gina a 1929. Da yawa daga cikin masu bi na farko a Zariya sun rabu da danginsu saboda bangaskiya, ikilisiya ce ta zame musu dangi. Je ka ga Fastonka, kada ka ɗauki wannan kaya kai kaɗai. In kana iya gane waɗanda ka tauye, ƙara musu daga aljihunka kaɗan kaɗan. Zakka mai karɓar haraji ninki huɗu ya yi alkawarin mayarwa, kai fara da abin da ka iya.

Mai tambaya: Na gode iyayena. Baba, na karanta wurin sau uku. Gobe Asabar kasuwa cike take, sai an rufe shago zan yi masa magana. Akwai wata tsohuwa mai ƙosai daga Tudun Wada da take sayen wake wurinmu duk mako, da ita zan fara. Mama, ranar wace zumunta take zama?