Neman kalma: me za mu kira iyakar kifin da tafki zai iya rayarwa?

Mai neman kalma, ƙasar Dutse

Assalamu alaikum. Masu kishin harshe da masu sanin ruwa, kalma ɗaya nake nema. Masana kifi suna da abin da suke kira "carrying capacity" da Turanci. Nufinsu shi ne kowane ruwa, tafki ne ko dam ko kududdufi, yana da iyakar kifin da zai iya rayarwa su ci su ƙoshi, su girma, su hayayyafa. In aka zarce iyakar nan, sai kifin ya tsumbure ko ya fara mutuwa.

Ga dalilin nema. Akwai wani ɗan dam na ƙasa a yankinmu, ko kusa da girman dam ɗin Warwade bai kai ba. Shekarun nan masunta suna kukan kifi ya ƙare, maganar da ke bakin kowa kuma ita ce a yi karo-karo a sayo 'ya'yan kifi a zuba. Amma duk wanda ya taɓa zama bakin ruwan nan da fatsa ya san kifi bai ƙare ba. Kafin tana ta gama nutsewa karfasa ta cafke. Sai dai duk wadda ka fizgo faɗinta bai wuce yatsa uku ba, in ka matsa cikinta kuma ka tarar da ƙwai cike. Uwa ce ke nan. A haka ta balaga, a haka za ta tsufa. Ruwan cika ya yi har ya fi ƙarfinsa, kuma a ƙara masa bakin ci, a ganina, asarar kuɗin talakawa ce.

Ina so in faɗi wannan a taron ƙungiyar masunta ranar kasuwa. Suna nake so gajere, wanda mutum zai tafi da shi gida ya maimaita wa wanda bai zo ba.

Ɗalibi, Wudil

Yaya, ai "iya-ɗauka" ta wadatar. Yadda ake rubuta wa babbar mota tan kaza take ɗauka, haka tafki. Kowa ya san abin da ke faruwa in lodi ya yi yawa.

Mai neman kalma

Na gode ƙanena, amma ban gamsu da ita ba. Abin da aka rubuta a jikin mota ba ya canzawa. Tafkin da ka gani da kaka kuwa ba shi za ka gani a Afrilu ba. A Satumba ya cika ya malale ciyawar gefe. Daga nan rana ta sha nata, injinan masu noman rani su ja nasu, shanu su sha, kafin ƙarshen bazara ya koma ɗan kwarin da ke gindin madatsa. Duk kifin da ya watsu da damina a nan zai takure. Ga laka da ke gangarowa daga gonaki kowace damina tana cike ƙasan dam ɗin, zurfin bana bai kai na bara ba. Iyakar da nake magana tana hawa tana sauka, kuma wadda ke yanke hukunci ita ce ta ƙarshen bazara. Sannan kaya ake ɗauka. Kifi mai rai ne, yana ci yana numfashi.

Malamar kimiyya, Kazaure

Wa alaikumus salam. Malam, kafin a zaɓi kalma a kiyaye abu ɗaya: kada a sa "yawa" ko "adadi" a ciki. Masana da nauyi suke auna abin nan. Mu ƙaddara, misali kawai, wani ruwa yana iya raya kilo 100 na karfasa. Zai iya zama guda 1,000 masu giram 100 kowace, zai kuma iya zama guda 200 masu rabin kilo. Ruwan ɗaya ne, nauyin ɗaya ne, amma tambayi mai soya kifi a kasuwa wanne za ta saya da daraja. Dam ɗinku na farkon ya zama.

Ni "ƙarfin ciyarwa" nake ba da shawara. Abincin karfasa ƙananan halittu ne da ido ba ya rabe su, su ne ke sa ruwa ya yi kore-kore. Suna buƙatar hasken rana da taki, shi ya sa tafkin da kashin shanu ke gangarowa cikinsa daidai gwargwado yake da albarkar kifi, ruwan da laka ta dama shi ya yi ja kuwa, rana ba ta ratsa shi, abinci kaɗan yake haifarwa. Iyakar abinci ita ce iyakar kifi.

Ɗan masunta, Haɗeja

Malama, Allah ya ƙara ilimi, maganar nauyi ta shige ni. Amma ku yi mini haƙuri, ciyarwa kashi ɗaya ce cikin abin. Mu da muka tashi a ruwa mun sha ganin kifi ya mutu ga abinci a gabansa. Ku je bakin tafki da asuba a tsakiyar bazara, lokacin da ruwa ya ja baya ya yi kore shar. Za ku ga karfasa ta taso sama baki buɗe tana haki. Iska ce ta ƙare a ruwan da daddare. In rana ta fito sai ta koma ƙasa, in kuwa aka kwana biyu da hadari ba rana, da safe sai a kwashi gawa. Tarwaɗa ce ke tsira, don ita tana tasowa ta shaƙi iskar sama. Gaiwa ma ba ruwanta, in ruwa ya ƙafe ta shige taɓo ta jira damina.

Sai wurin haihuwa. Namijin karfasa a gefen ruwa marar zurfi yake share ɗan gurbi a yashi, macen ta saka ƙwai ta kwashe a baki. Tarwaɗa kuma sai ruwan farko ya malale ciyawa take hawa ta zuba nata. A lalata gefen nan, ko abinci ya kai me, an rage kifi. Mu a nan mun gani. Tun da aka tare ruwa a Tiga a 1974, aka ƙara da Chalawa a 1992, ambaliyar da ke shiga fadamu ta canza hali, ruwa ya koma bin wasu hanyoyi rani da damina, ciyawar kacala ta samu wuri ta toshe inda ake jefa ragar birgi a da.

Kalmar da nake so ku duba ita ce wadda na ji a bakin mahaifina, Allah ya jiƙansa. In ya yaba tafki yakan ce "ruwan nan yana da riƙo". In ya ga ya lalace ya ce "riƙonsa ya ragu". Riƙo irin na riƙon yaro yake nufi. Wanda aka ba shi riƙon ɗa, ci da sha da makwanci da lafiya duk suna wuyansa. Kowa kuma ya san gidan da ya karɓi 'ya'yan riƙo fiye da ƙarfinsa, yaran ne ke ramewa. Ba sai an yi wa Bahaushe dogon bayani ba.

Dattijo mai fatsa, Bagwai

Yaro, Allah ya jiƙan mahaifinka, ya san ruwa. Kalmar ta yi daɗi, amma akwai gyara. Mu nan kusa da dam ɗin Watari in aka haɗa riƙo da dam, ruwa ake nufi. Ana cewa dam kaza yana riƙe ruwa har bazara, fadama kaza ba ta riƙe ruwa. In ɗan nan ya miƙe a taro ya ce riƙon dam ya ragu, rabin mutane za su ɗauka madatsa ce ke yoyo. Me ya hana a ɗauko daga karin maganar da kowa ya sani, daidai ruwa daidai tsaki? A ce "daidai-ruwa".

Mai neman kalma

Baba, Allah ya ƙara girma. Karin maganar nan da ita zan buɗe jawabi, don ta faɗi abin da ake so mutane su yi. Amma na gwada ta a matsayin suna ta ƙi zama. Ina buƙatar in iya cewa abin ya ragu, ya ƙaru, an wuce shi, an auna shi. "Daidai-ruwan dam ɗinmu ya ragu" ba ta faɗuwa a baki. Riƙo kuwa duk ya karɓa: riƙo ya ragu, riƙo ya ƙaru, an wuce riƙo.

Gyaranku na riƙe ruwa gaskiya ne, kuma maganinsa kalma ɗaya ce, a ambaci kifin. Ku saurari waɗannan ku gaya mini in akwai wadda ta yi tuntuɓe:

Ƙarfin riƙon kifi na dam ɗin nan ya ragu saboda laka.

Kafin a zuba iri, a san riƙon ruwan tukuna.

Karfasa ta wuce riƙon tafkin, shi ya sa ta tsumbure.

A rubutu da rediyo a fara da cikakken suna, ƙarfin riƙon kifi. In an riga an san maganar kifi ake yi, riƙo kaɗai ya isa.

Dattijo mai fatsa, Bagwai

Ta biyun ce kawai zan ce a ƙara mata kifi, a ce riƙon kifin ruwan. Sauran sun zauna. Na yarda.

Malamar kimiyya, Kazaure

Ni ma na janye tawa, riƙo ta haɗa da ciyarwa har da ƙari. Abin da ya fi burge ni, ba a ruwa kaɗai za ta tsaya ba. A aji muna koyar da wannan batu a kan makiyaya da daji, kullum sai mun yi zagaye. Yanzu zan iya cewa ƙarfin riƙon dabbobi na makiyaya, ɗan makiyayi kuma zai gane nan take, don ya san burtali da makiyayar da shanu suka fi ƙarfinta.

Ɗalibi, Wudil

To Yaya, in karfasa ta wuce riƙo, ai maganin shi ne a sa taru mai ƙananan ido a rage ta. Amma na san dokar kamun kifi a ruwan cikin ƙasa ta 1992 ta hana raga mai ido ƙasa da milimita 76, wajen inci 3 ke nan, kamar yadda ta hana guba da nakiya. Yaya za a yi?

Ɗan masunta, Haɗeja

Ƙanena, nan ne nake jin tsoro, don wani zai ji kalmar nan ya mayar da ita hujjar shiga ruwa da gidan sauro. Gidan sauro ba ya zaɓe. Yana kwashe 'ya'yan tarwaɗa da na ragon ruwa da na ƙurungu tare da karfasar, ya kuma share gurbin ƙwai. Wanda ya zuba gubar gamalin kuwa ya kashe ruwa ya cuci masu sha.

Ku tambayi kanku me ya sa karfasa ta yi yawa tun farko. A ruwan da ke lafiya akwai masu cin ta. Tarwaɗa babba tana rage 'ya'yan karfasa kullum, waɗanda suka tsira su samu abinci su girma. Amma ragar kalli da mamari, wato igiya mai jerin ƙugiyoyi, manya suke ɗauka, kuma babbar tarwaɗa ita ke kawo kuɗi, ita kowa ke bi. Mafi muni, lokacin da take hawa ciyawa da ruwan farko, ciki cike da ƙwai, lokacin ne ake tare ta har da sanda da adda. Shekara kaɗan ana haka sai a wayi gari ba mai cin karfasa, ita kuma haihuwa take sau da yawa a shekara.

Shawarata ga ƙungiyarku, Malam, Sarkin ruwa ya rufe bakin rafin da ke shigowa dam ɗin daga ruwan farko har ƙwai ya ƙyanƙyashe 'ya'ya su yi ƙwari. Ba baƙon abu ba ne. Argungu, da ake bikin kamun kifi tun 1934, hana kamu ake yi a kogin Matan Fada har ranar da za a buɗe, shi ya sa ake fito da giwan ruwa da mutum ɗaya ba ya iya ɗagawa. Kuɗin karo-karon kuma a sa shi inda zai ƙara riƙo: a yashe laka a gindin madatsa in ruwa ya ja, a sare kacala tun ba ta yi ƙarfi ba, a bar ɗan ciyawa tsakanin gona da ruwa don ta tare ƙasa. In dole sai an zuba wani abu, a zuba tarwaɗa 'yar kaɗan wadda ta ɗan tasa, kada a kawo karfasa.

Dattijo mai fatsa, Bagwai

Mu masu fatsa ma da namu aikin a ciki. Fatsa ɗaya-ɗaya take kamawa, kana ganin abin da ka kama kafin ka sa a gora. A bar yara su ɗebi ƙananan karfasa iya son ransu, miya ce a gida, ruwa kuma ya samu sauƙi. Babbar tarwaɗa mai ƙwai kuwa a zare ƙugiya a hankali a mayar. Ni na daɗe ina yi. Wanda zai zo dam ɗinku bana da fatsa kada ya sa ran babban kamu. Da hunturu ma karfasa ba ta cin koto sosai, sanyi yana kashe mata ci, sai zafi ya fara shigowa. Amma in aka bar tarwaɗa ta haihu damina biyu ko uku, masu zaman yamma da hanjin kaza za su fara jin jan da ke lanƙwasa sanda.

Mai neman kalma

Allah ya saka wa kowa da alheri. Mun tsaya a kan ƙarfin riƙon kifi, a taƙaice riƙo. Malama, in kin gwada ta a aji ki gaya mana yadda ɗalibai suka karɓe ta. Ɗan'uwana na Haɗeja, ina roƙon ka zo taron da kanka in da hali, don bayanin tarwaɗa daga bakin ɗan masunta ya fi shiga kunnen masunta. Tambayar da zan ajiye a gaban masu son a zuba iri ita ce su nuna mini ruwan da zai rage a watan Mayu, su gaya mini ko zai riƙe wanda ke ciki yanzu, balle wanda za a ƙaro.